Bayan tiyatar karayar gwiwa: Zafin da ake jurewa da wanda ake komawa asibiti dominsa

Ranar da aka sallami majinyaci bayan an yi masa tiyatar karaya a gwiwa, dangi sukan ɗauka cewa wahala ta ƙare. An ga hoton ƙashi, an ga ƙarfe da kusoshi sun riƙe inda ya tarwatse, likita ya ce aiki ya yi kyau, saura a koma gida a jira. Sai dai abin da likitocin ƙashi suka daɗe suna nanatawa shi ne, tiyata tana mayar da ƙashi mazauninsa ne kurum. Ko gwiwar za ta sake lanƙwasuwa har mutum ya hau bene, ya durƙusa, ya zauna tahiya, wannan ya rataya ne a kan abin da zai faru cikin makonnin da ke biye, a sashen gashin ƙashi na asibiti da kuma a kan gadon majinyaci a gida. A wannan zangon ne mutane da dama ke janye jiki, kuma dalilin da suka fi bayarwa shi ne zafi.

Karaya uku, umarni daban-daban

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙarshen ƙashin cinya daga sama, kan ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa da ke rufe gaba. Kowanne daga cikinsu na iya karyewa, kuma a bakin jama'a duk sunansu ɗaya ne, wane ya karye a gwiwa. Ƙoƙon gwiwa ya fi karyewa idan mutum ya faɗi kai tsaye a kansa, ko gwiwarsa ta daki gaban mota lokacin haɗari, kuma shi ne kimanin kashi 1 cikin 100 na dukkan karayar da ake gani a jikin ɗan Adam. Kan ƙashin ƙwauri, wato shimfiɗar da ƙashin cinya ke zama a kanta, yakan tsage ko ya lotsa a haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya ko gini. Ƙarshen ƙashin cinya kuwa sai da bugu mai ƙarfi yake karyewa a jikin matashi, amma ga tsoho ko tsohuwar da ƙashinsu ya yi rauni, santsin banɗaki ma ya isa.

Abin da ya sa irin wannan karaya ke yawan kai mutum ɗakin tiyata shi ne, tsagar tana shiga har cikin gaɓa, inda ƙashi ke gogayya da ƙashi a kan guringuntsi. Idan fuskar gaɓar ta haɗe da tudu da kwari, za ta riƙa cin kanta da kowane taku. Don haka likita ke buɗewa ya jera gutsattsarin, ya ɗaure su da waya ko ya danne su da farantin ƙarfe da kusoshi. Ƙarfen nan aikinsa riƙo ne. Jiki ne ke saƙa sabon ƙashi a tsakanin gutsattsarin, abin da kan ɗauki mako 6 zuwa 12, ya kuma fi haka daɗewa ga mai shan taba da mai ciwon suga da ba ya kula da shi.

Daga nan umarnin likita ke rabuwa. Wanda aka ɗaure wa ƙoƙon gwiwa, sau da yawa akan bar shi ya taka ƙafar da wuri muddin gwiwar na miƙe cikin abin da aka ɗaura mata, amma a ƙayyade masa lanƙwasawa, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, domin tsokar cinya tana jan ƙoƙon ne kamar igiya, tana neman raba abin da aka haɗa. Wanda kan ƙashin ƙwaurinsa ya lotsa kuwa akasin haka ake ce masa: ya fara lanƙwasawa da wuri, amma kada ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar har tsawon mako 6 zuwa 12. Ke nan mutum biyu da ke kwance gado da gado a ɗaki ɗaya, kowa da ɗinki a gwiwa, suna iya fita da umarnin da suka yi hannun riga. Wannan ne ya sa shawarar maƙwabcin da ya ce shi ma an taɓa sa masa ƙarfe, kuma cikin mako biyu ya jefar da sanda, take da haɗari ko da ya faɗe ta da kyakkyawar niyya. Kafin a bar asibiti ya kamata majinyaci ko mai jinyarsa ya tambayi likita abu uku ya rubuta: wane ƙashi ne ya karye, nauyi nawa aka yarda a ɗora, kuma iya ina aka yarda a lanƙwasa.

Abin da ke sa gwiwa ta ƙage

Bayan karaya da tiyata, jini da ruwa kan taru a cikin gaɓa. Jiki kuma yana ɗinke duk inda aka yi rauni da wani irin nama mai tauri, wanda a kan fata muke kira tabo. A cikin gwiwa wannan tabon ba ya bambanta inda ya kamata ya manne da inda ya kamata ya bari. Idan gaɓar ta daɗe ba ta motsi, sai ya liƙe tsokar cinya da ƙashi, ya cike lungunan da ƙoƙon gwiwa ke zamewa a cikinsu. A makonnin farko tabon na da laushi, yana bin motsi. Bayan wata biyu zuwa uku yakan yi tauri ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da wuya a sami inda karin maganar nan ta zauna daram kamar gwiwar da aka yi wa aiki.

Tsokar gaban cinya ita ma tana zubewa da sauri fiye da yadda ake zato. Cikin mako biyu na kwanciya mutum zai iya gani da idonsa cewa cinyar ta fi 'yar uwarta sirantaka. Wani ɓangare na wannan rashin amfani ne, wani kuma aikin kumburi ne: gwiwar da ta cika da ruwa tana aika saƙon da ke hana tsokar amsa kira, har mutum ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗaga ƙafa amma ta ƙi tashi daga katifa. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma alama ce ta cewa ƙafar ta shanye ba.

Likitoci na auna lanƙwasuwar gwiwa da digiri, miƙaƙƙiyar ƙafa tana kan sifili. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri na buƙatar kimanin digiri 60. Hawa bene da tashi daga kujera na buƙatar kusan 90 zuwa 100. A ƙasashen da rayuwa ke gudana a kan kujera da gado da masai na zama, wanda ya kai 110 ko 120 ana iya cewa ya samu abin da zai ishe shi. A wurinmu lissafin ya sha bamban. Tsugunno a masai, zama a kan tabarma a ci tuwo, durƙuso a gaida manya, wanki da girki a ƙasa, duk suna neman 130 zuwa sama, zaman tahiya kuwa yana kaiwa wajen 150, inda diddige ke taɓa mazauni. Saboda haka gwiwar da ta tsaya a digiri 90, wadda a takarda ake iya cewa tana aiki, ta raba mai ita da rabin harkokinsa na yau da kullum. Ya dace majinyaci ya faɗa wa masu kula da shi tun farko irin rayuwar da yake son komawa, domin a san inda aka nufa, ko da yake ba kowace karaya ce ke barin gwiwa ta koma yadda take ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ake yawan mantawa, wato miƙewa. Gwiwar da ba ta miƙewa sosai, ko da digiri 10 ne kacal suka rage, tana sa ɗingishi na dindindin, ta gajiyar da cinya, ta jawo ciwon baya. Kuma hanya mafi sauƙi ta jawo wannan ita ce wadda tausayi ke kai dangi gare ta: cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa don majinyaci ya ji daɗin kwanciya. Daɗin gaskiya ne, amma gwiwar na sabawa da wannan lanƙwasar. Matashin kamata ya yi ya kasance a ƙarƙashin diddige da sharaɓa, gwiwar na miƙe.

Sunan da ke ɓatar da mutane

Kalmar da Hausa ta ba wannan fanni ita kanta tana da hannu a rashin fahimtar. Mun kira shi gashin ƙashi, sai mai zuwa ya yi tsammanin za a kwantar da shi ne a haska masa fitila mai ɗumi, a shafa mai, a yi tausa, ya tashi. Duk wanda aikinsa fassara ne ya san yadda suna ke tafiya da ma'anar da ba a nufa ba, kuma wannan ya bi jiki har ba a iya canza shi. Gaskiyar magana, zafin fitila da na'urori ƙaramin yanki ne na aikin, kuma ga gwiwar da ba ta daɗe da fitowa tiyata ba, yawanci ma ba a amfani da su. Ginshiƙin aikin motsi ne da atisaye, kuma majinyaci ne ke yin mafi yawansa da kansa.

Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ya shigo ne a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, kuma a yau Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri na cikin masu yaye likitocin fisiyo, kamar yadda ake kiransu a asibiti. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja ta 1988, ita ce ke yi musu rajista da ba su lasisi. Asibitocin ƙashi na tarayya da suka fi daɗewa, wato Igbobi da Enugu da kuma na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, duk suna da sashen, haka ma asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya. Matsalar ita ce mafi yawansu na birane ne, kuma mai karaya daga ƙauye na biyan kuɗin mota da na zama kafin ya biya kuɗin gashi.

Yadda ake gane zafin aiki

Lanƙwasa gwiwar da tabo ya fara kamawa tana da zafi, kuma babu amfanin ɓoye wa majinyaci haka. Abin da ya kamata ya koya shi ne rarrabewa. Zafin aiki ji ne na ja da ɗaurewa, a gaban cinya ko kewayen ɗinki, wanda ke zuwa idan an kai iyakar lanƙwasa, ya lafa idan an saki. Tsoka ma na iya yin tsami washegari kamar na wanda ya yini yana noma. Likitocin fisiyo kan ce majinyaci ya ba zafinsa maki daga sifili zuwa 10. Abin da aka fi bi shi ne, zafin da bai wuce 4 ko 5 ba lokacin atisaye, wanda kuma ya koma yadda yake kafin washegari, ba ya nuna ɓarna. Idan kuwa gwiwar ta wayi gari ta fi jiya kumburi da ɗumi, ta kuma fi ƙin lanƙwasuwa, to an wuce gona da iri, sai a rage ƙarfin aikin ba tare da an daina ba.

A nan al'adarmu na cutar da mu ta fuska biyu. Akwai namijin da aka rene shi kan cewa nuna zafi rauni ne, sai ya cije baki, gumi na karyo masa, a tambaye shi ya ce ba komai. Mai yi masa aiki ba shi da hanyar sanin iyaka sai ta bakinsa, kuma tsokar da ke cikin azaba tana ɗaurewa ta yi gardama da hannun da ke lanƙwasa ta, ƙarshe a tashi da kumburin da zai cinye kwana uku. Akwai kuma wanda zama ɗaya ya ishe shi, ya koma gida ya ce sai ciwon ya tafi zai dawo. Ciwon ƙagaggiyar gwiwa kuwa ba ya tafiya da zama, ƙaruwa yake yi, domin kowane mako na hutu yana ƙara wa tabon tauri, zama na gaba ya fi na baya zafi. Majinyaci na da haƙƙin ya ce a dakata, a sassauta, a bar shi ya ja numfashi. Likitan fisiyon da ya san aikinsa ba ya ɗaukar wannan a matsayin raki.

Tsoro ma na ƙara zafi, kuma tsoron da ya fi yawa shi ne ƙarfen zai balle. Amsar wannan tana hannun likitan da ya yi aikin: iyakar da ya gindaya an gina ta ne a kan abin da ya gani da idonsa na ƙarfin riƙon. Motsi a cikin wannan iyaka ba ya karya ƙarfe. Abin da ke karya shi ya fi zama taka ƙafa kafin lokaci, ko faɗuwa.

Magani: lokacin sha da abin da ake sha

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran zafi ya kai maƙura kafin a nemi magani. A makonnin farko likitoci kan so a riƙa sha a kan lokaci, sannan a daidaita shi yadda za a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin zaman gashi, domin ya kama jiki daidai lokacin da ake buƙatarsa. Manufar ba a kashe ji gaba ɗaya ba ce, a rage zafin ne zuwa inda mutum zai iya aiki.

Farasitamol, wanda ake rainawa saboda arha da sabo, shi ne tushe. Babba mai lafiyar hanta bai kamata ya wuce miligiram 4,000 a rana ba, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, a rarrabe, kuma a tuna cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa na ɗauke da shi a ciki. Sai dangin ibufurofen da diklofenak, waɗanda ke rage kumburi tare da zafi. Suna aiki, amma suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, suna iya ɗaga hawan jini, kuma haɗa su da maganin tsinka jini na ƙara haɗarin zubar jini. Wasu likitocin ƙashi kan taƙaita su saboda fargabar daɗewa ana shan su na iya jinkirta haɗewar ƙashi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su kusance su sai da izinin likita.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a wasu shagunan magani da wurin masu talla, da sunan maganin ciwon jiki ko na gajiya. Ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna, ba kwali, sau da yawa biyu daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Wanda ke shan na asibiti ya ƙara da wannan, ya ninka wa cikinsa da ƙodarsa aiki bai sani ba.

Sai kuma tiramadol da danginsa, inda magana ke buƙatar adalci. Ƙasar nan ta ga illarsu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suka yi amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramadol mai miligiram 50 da 100 kawai. Masu 200 da 225 da hukumar NDLEA ke yawan kamawa haramtattu ne. Wannan tarihi ya sa wasu iyalai ke ɓoye maganin da likita ya rubuta, su bar ɗansu yana juyi cikin dare, kwana uku bayan an huda masa ƙashi. Hakan ma cutarwa ce. Shan ƙaramin adadi na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawar likita, a riƙa ragewa har a daina, shi ne abin da aka yi maganin dominsa. Alamar haɗari ita ce a fara sha don barci ko don kwantar da damuwa, ko a ƙara adadi da kai, ko a nemi ƙari a kasuwa bayan na asibiti ya ƙare. Yana kuma sa jiri, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiya da sanduna, yana ɗaure ciki, kuma da yawa yana iya jawo farfaɗiya.

Abin da ake yi a gida

Ƙanƙara na daga cikin mafi arha da amfani. A naɗe ta a tsumma mai tsabta, a ɗora minti 15 zuwa 20 bayan atisaye, ba kai tsaye a kan fata ba, kuma ba tare da an jiƙa ɗinki ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ruwan leda da ya daskare daga wurin masu sayar da ƙanƙara ya wadatar. A ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tudu lokacin kwanciya domin ruwan ya sauka. Gashi da ruwan zafi da tawul, wanda shi ne abin da hannun iyayenmu mata ya saba da shi, yana ƙara kumburi a makonnin farko, haka ma man zafi, wanda bai kamata ya je kusa da rauni ba. Ɗumi na da ranarsa daga baya, idan rauni ya rufe kumburi ya sauka, domin sassauta tsoka kafin atisaye.

Wanda ke zuwa asibiti sau biyu a mako yana samun awa biyu ne a hannun likitan fisiyo. Sauran awannin makon nasa ne, kuma a cikinsu ne gwiwa ke sakewa ko ta ƙage. Atisayen farko ba su buƙatar na'ura: motsa idon sawu sama da ƙasa domin jini ya gudana, ɗaure tsokar cinya ana danna bayan gwiwa ƙasa na daƙiƙa biyar a saki, jawo diddige a kan shimfiɗa zuwa mazauni iya inda aka yarda. Ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa kuwa sai likita ya ba da izini, musamman ga wanda aka ɗaure wa ƙoƙon gwiwa. Kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana ya fi dogon zama ɗaya mai azaba. Wasu kan jingina shi da lokutan salla don kada su manta. Wanda nisa ko kuɗi ba za su bar shi ya riƙa zuwa a kai a kai ba, gara ya faɗa a fili, a koya wa wani nasa, a ɗauki atisayen a bidiyon waya, a sa masa ranar dawowa a auna ci gaba, da ya ɓace ba labari.

Game da ibada, malamai sun yi bayani cewa mara lafiya na salla a zaune ko yadda ya iya, kuma ana shafa a kan bandeji ko filasta wurin alwala. Ba a bukatar mutum ya tilasta wa gwiwarsa sujada kafin lokaci. Masai na zama, ko kujerar roba da aka huda aka ɗora a kan na tsugunno, na hana faɗuwa a wurin da aka fi faɗuwa. Idan jinyar ta faɗo cikin watan azumi, a tattauna da likita, domin dangin diklofenak a cikin da babu abinci da jikin da babu ruwa sun fi yin illa.

Zafin da ba a jira da shi

Akwai alamomin da ba na aiki ba ne, kuma ba a jiran ranar ganin likita a kansu. Sharaɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi na iya nufin jini ya daskare a jijiya, abin da ke faruwa bayan tiyatar ƙafa da doguwar kwanciya, dalilin da ya sa ake ba wasu allura ko ƙwayar tsinka jini. Irin wannan ƙafa ba a yi mata tausa, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Haki na farat ɗaya ko ciwon ƙirji bayan tiyata lamari ne na gaggawa. Zazzaɓi tare da rauni mai ja, mai fitar da ruwa ko mugunya, na nuna ƙwayoyin cuta, kuma idan suka kai ga ƙarfe ba sa jin maganin da aka saya a kemis. A kwanakin farko, musamman bayan karayar kan ƙashin ƙwauri, zafin da ke ta ƙaruwa ba ya jin magani, ƙafa ta ɗaure tam, yatsu suna mutuwa, na nufin kumburi na shaƙe tsoka, kuma awanni ne tsakanin ceto ƙafar da rasa ta. Haka nan jin ƙara kwatsam a gwiwa, sannan mutum ya kasa ɗaga ƙafar da jiya yake ɗagawa. Akwai kuma wani zafi mai kama da ƙuna, inda taɓin zane ma ke sa ihu, fata na canza launi tana gumi. Wannan daga jijiyoyin ji yake, yana da nasa maganin, kuma ya fi jin magani idan an gano shi da wuri.

Idan makonni suka shuɗe gwiwa ta tsaya cik duk da ƙoƙari, likita na iya sa majinyaci barci ya lanƙwasa ta da hannu domin tsinka tabon, bayan hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe, ko ya shiga da na'ura ya yanke shi. Lanƙwasawar ta fi yin nasara cikin watanni ukun farko. A daidai wannan gaɓar ne wasu ke juyawa wurin masu ɗori. Masu ɗori na da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, kuma mutane sun yarda da su. Amma ba sa ganin abin da ke cikin gwiwar. Murɗe gaɓar da ke ɗauke da faranti da kusoshi da ƙarfin tsiya, ba hoto ba maganin barci, na iya sake karya ƙashi a gefen ƙarfen ko tsinke jijiyar ƙoƙon gwiwa, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya da tsada.

Haɗewar ƙashi ba ita ce ƙarshen jinya ba. Ƙarfin cinya kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya dawo, kuma kumburin yamma bayan yini a tsaye na iya daɗewa haka. Wayar da ke kan ƙoƙon gwiwa tana kusa da fata, tana yawan sukar mutum idan ya durƙusa, don haka da yawa ake cire musu ita bayan kimanin shekara guda idan hoto ya nuna ƙashi ya haɗe sarai. Farantin da ba ya damun mai shi kuwa akan bar shi. Karayar da ta shiga gaɓa na ƙara yiwuwar ciwon sanyin gwiwa bayan shekaru, kuma rage ƙiba da riƙe ƙarfin cinya na daga abin da ke jinkirta shi. Ɗan acaɓa da direba da manomi, waɗanda kowace ranar zama asara ce gare su, su ne suka fi saurin komawa aiki kafin lokaci. Gwajin da ake yi musu kafin a sake su mai sauƙi ne: mutum ya iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai ba ta rawa, ya sauko bene ba ya riƙe bango, kuma idan ta dama ce, ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da ya yi shakka ba.